Sauko, Ba Kai Ake Kira Ba

Shekarun baya, lokacin da nake sayar da kaset a kasuwar Lafia, akwai wani tela a layinmu wanda biki ba ya cika a garin nan sai da shi. Da rana yana kan kekensa. Da yamma kuma sai ya kafa wata jar hula, a miƙa masa makirufo, ya tsaya shi kaɗai gaban jama'a ya yi ta zuba. Ba rawa, ba waƙa, magana ce zalla, amma da idona na ga dattijo mai furfura ya zamo daga kujera saboda dariya. Ya girme ni sosai, don haka Yaya nake ce masa.

Barkwancinsa da ya fi tashe shi ne na wani manomi. Lokacin wayar hannu ta shigo ke nan, sabis sai an yi farautarsa. Wai mutumin ya sayar da doya ya sayi waya, ya hau bishiyar mangwaro tun safe yana jiran kira, alhali bai ba kowa lambarsa ba. Telan zai nuna yadda ya maƙale reshe da hannu ɗaya, cinnaku na cizonsa, ba damar sosawa. Can da la'asar waya ta yi ƙara, ya ɗauka da sauri, ashe kuskuren lamba aka yi. Sai matarsa daga ƙasa ta ce, "Sauko, ba kai ake kira ba."

Ni ne na ɗauki wannan a kaset, da yardarsa. Na riƙa sa shi a lasifikar shagona daga safe har magariba. Direbobin Assakio da na Keana suka saya suna sa wa fasinja. Kafin shekara ta zagayo, maganar ta bar hannunsa ta shiga bakin gari. Duk wanda ya tsoma baki a abin da babu ruwansa, ita ake jefa masa.

A kwana a tashi, kaset ya mutu, na koma sayar da caja da gilashin waya. Shi ma gayyata ta yi ta raguwa har ta ɗauke, ciwon gwiwa kuma ya zaunar da shi a wani ɗan shago a ƙofar gidansa.

Da auren babbar 'yata ya taso, ita da ƙawayenta suka shirya liyafa, suka ɗauko wani saurayi mai yin gajerun bidiyo na ban dariya a waya ya jagoranci taron. Ni kuwa na kafe sai an ba Yaya minti ashirin.

"Baba, don Allah ka bari," in ji ta. "Ba wanda ya san shi a cikinmu."

Na ce, "Za ku san shi. Ku me kuka sani a dariya? Wannan yaron naku ko ɗaurin takalmin mutumin nan bai kai ba."

Uwarta ta dube ni kawai ta ce, "Alhaji, bikinta ne fa." Ban ji ba. In na tuna irin hura hancin da na yi ranar, har yau kunya nake ji.

Da na kai masa gayyatar sai ya riƙa jujjuya almakashi. Ya ce ya daɗe bai tsaya gaban mutane ba. Na rantse masa cewa garin ya yi kewarsa. Daga baya matarsa ta gaya wa tawa cewa sabuwar riga ya ɗinka wa kansa, kuma mako biyu ya yi yana maimaita maganganunsa shi kaɗai a tsakar gida.

Ranar liyafa, bayan la'asar, ɗakin taro ya cika da matasa. Saurayin nan ya gabatar da shi cikin ladabi, ya riƙe masa hannu ya hau dandamali. Yaya ya fara da kwaikwayon yadda mutanen ƙauyukan kewaye ke karya Hausa a kasuwa. A da, wannan kowa dariya yake yi, har waɗanda ake kwaikwaya, don su ma suna da yadda suke rama mana. Amma babbar ƙawar amarya 'yar ƙabilar Eggon ce, a Lafia aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi. Na ga ta sunkuyar da kai tana gyara gyale. Wurin ya yi tsit.

Tsohon hannu ne, nan take ya gane, sai ya tsallaka zuwa labarin mangwaro. Na gyara zama, na ce a raina yanzu za su gani. Ya kama reshen nan na iska, ya noƙe kafaɗa, komai daidai yadda na san shi. Sai na ji wata yarinya a bayana tana tambayar 'yar'uwarta, tsakaninta da Allah, "To me ya kai shi bishiya?" Ba ta taɓa neman sabis a kan tudu ba a rayuwarta.

Ya kai inda waya ta yi ƙara. Ya ja numfashi, irin jan da yake yi kafin ya saki ta ƙarshe. Kafin ya buɗe baki, samarin teburin baya suka haɗa murya, ba da mugunta ba, kamar masu biya karatu: "Sauko, ba kai ake kira ba!" Wani ya ƙara da cewa, "Haba Baba, wannan ai karin maganar kakata ce."

Aka yi 'yar dariya, amma ba tasa ba ce. Ya tsaya da baki a buɗe, sannan ya yi murmushi, ya yi wa ango da amarya addu'a, ya miƙa makirufo. Bai jira abinci ba.

Kwana uku na kasa zuwa wurinsa. A na huɗu uwar yara ta ɗaure mini cincin da alkaki ta ce in je in ba da haƙuri, tunda ni na kai shi.

Na same shi yana ɗinka aljihun wando. Na fara kame-kame, ina cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya.

"Kar ka ɗora musu," ya ce. "Wane laifi suka yi? Ranar da na fara faɗin labarin nan, rabin mutanen da ke wurin sun hau bishiya ko suri da kansu. Kai ma ka hau tankin ruwan masallaci, na gan ka. Kanku kuke yi wa dariya, ni madubi kawai na riƙe. Waɗannan kuwa tsoho suka gani yana yi wa baƙauye ba'a."

Na ce, "Amma Yaya, maganarka ce suke faɗa, ba su ma san kai ka ƙirƙire ta ba."

"To ai ta yi aure ta bar gidana, kuma kai ka ɗaura mata auren da lasifikarka." Ya cije zare. "Ni ma da laifina. Da a kasuwa nake wuni ina sauraron mutane. Tun da gwiwa ta kama ni ban ƙara jin sabuwar magana ba. Da tsohon kaya na je kasuwa."

Daga nan fa sai ya soma ba ni labarin liyafar daga inda yake tsaye. "Shekara talatin ina tsine wa masu ɗauke wuta. Ranar nan na ce ya Rabbi, ko na minti ɗaya su ɗauke in sulale. Sai na jiyo janareta yana ta aikinsa lafiya lau. Na duba ko zan ga mai taimako, sai na hango ka can gaba, kai kaɗai kana tafi kamar mai kashe sauro." Ya ajiye wandon ya kwaikwayi tafin nawa, har da yadda nake waige-waige ina neman mai taya ni.

Wallahi na yi dariya har na riƙe ciki, hawaye na zuba. Matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Tun zamanin kaset ban yi irinta ba, kuma mu biyu ne kaɗai a shagon.

Bai sake hawa dandamali ba har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa na fahimci cewa gwanintarsa ba ta je ko'ina ba, mutanen da yake yi wa magana ne suka tsufa, wasu suka mutu, kuma ni na jawo shi gaban waɗanda ba su san ciwon da yake sosawa ba. 'Yata ta yafe mini, ko da yake takan tsokane ni da zancen.

Yanzu in yarana suna ƙyalƙyala dariya suka miƙo mini waya in gani, nakan kalla har ƙarshe, ko ban ga abin dariyar ba. Ba na cewa namu ya fi. Sai dai nakan dubi yaron da ke tsalle a cikin bidiyon, duniya na yayinsa, in ji tausayinsa ya kama ni. A raina nakan ce, Allah ya sa dai kana da sana'ar hannu.