Kwalaben Farar Yaya Sha'aibu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Mayu, 2000, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Sha'aibu Bawa, malamin kimiyya a nan Ƙaura Namoda, bayan fama da ciwon hanta.

Yaya, kai ka kafa mani rumfa a kasuwa, ba ka taɓa goranta mani ba. Yaran unguwa suna ce maka Sarkin Fara, kana dariya. Shekara da shekaru kana bin gonakin Sakajiki, Badarawa da Zurmi a kan babur, kana kama fara kana jiƙa ta a sifirit cikin kwalabe don kada ta ruɓe. Ka zaunar da ni, ni da ban wuce firamare ba, ka ce a ƙwayoyin jikin fara akwai wani ɗan abu, mitokondiriya, mai nasa rubutun gado. Layi biyu kake nema a ciki, 12S da 16S, waɗanda jerin haruffansu da yadda suke naɗewa ke nuna wace fara ce dangin wace, har a gane mai cinye mana gero. Burinka ka kai su Ibadan a karanta.

Da muka dawo daga maƙabarta aka ce a buɗe ɗakinka don zaman makoki. Ina shiga warin sifirit, mai kama da na giya, ya buge ni. Ga Shari'a sabuwa, ga mutum ya mutu da ciwon hanta. Na ji tsoron bakin mutane, kada a ce mashayi ne. Ban shawarci kowa ba, na kwashe kwalaben na juye a masai.

Ranar addu'ar uku matarka Saudat ta kira ni ta bayan labule.

"Baban yara ya ce kwalaben nan kai za a damƙa ma. Ya ce kai ɗai ka san wahalad da ya sha kansu."

Ban gaya mata na zubar da su ba. Ba wanda ya zarge ka da komai, Yaya. A duk garin nan ni kaɗai na ji kunyar aikinka, kuma abin yana cin raina.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya ba Saudat da yaranka, Mubashir da Nusaiba, haƙurin rashi. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin zuciyar faɗa mata gaskiya kafin ta fita takaba.

Ƙanenka,
Haladu Bawa