Ranar da Kakana Ya Bar Zabirarsa a Gida

Har yau in na ji ƙarar cokali a cikin kofin silba, sai in haɗiyi yawu ba shiri. Da cokali Kakana yake duba wuyan yara. Wanzami ne, kuma a Hayin Banki na wancan lokacin da wuya ka sami gidan da bai shiga da zabirarsa ba. Jariri na cika kwana bakwai zai yi masa aski, ya cire masa beli, ɗan naman nan da ke reto a ganɗa. In kuma wuyan babban yaro ya kumbura, a ce hakin wuya ne, shi dai za a kira.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka "uwargida" yake ce mini, ni kuwa in murguɗa baki in ce ba na auren mai furfura.

Ina shekara takwas, damina ta yi tsakiya, wuyana ya kumbura. Inna ta dama kunun tsamiya, ƙamshinsa ya cika gida, amma ko yawu ba ya wuce mini sai da hawaye. A kwana na uku Goggo, ƙanwar babana, ta zo daga Rigachikun da ɗanyar masara. Tana ganina ta kama haɓa, wai ga wanzami a gida an bar yarinya tana wahala. Nan da nan aka ɗora ruwa a wuta, aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta zaunar da ni a cinyarta ta riƙe mini hannuwa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kakana ya tsuguna, ya juya fuskata wajen haske, ya danne mini harshe da bayan cokali. Ya daɗe yana leƙe.

"Baba, ka yi mana, ruwa zai huce," in ji Goggo.

"Wannan ba na askata ba ne," ya ce. "Tsokar nan biyu ta gefe ce ta kumbura, kuma jini gare ta. Allah bai ajiye ta nan a banza ba, ita ke tare cuta tun daga bakin ƙofa."

"To, 'ya'yan mutane fa da kake yi wa?" in ji ta.

Ya zare cokalin ya miƙe. Sai da na girma Inna ta gaya mini ya taɓa yanka wa wani yaro irin wannan, jini ya ƙi tsayawa, da ƙyar aka ceto shi.

Ya rataye zabira a ƙusa, ya ɗora ni a kekensa, sai asibiti wajen Kawo. Ranar na fara ganinsa a titi ba zabira. Muna layi wata mata ta gane shi, ta ce, "A'a, Sarkin Aska, har da kai?" Ya yi murmushi ya ce, "Uwargida ce ba lafiya, ai dole." Aka ba ni magani, aka ce in riƙa kurkurar wuya da ruwan gishiri mai ɗumi. Kafin sati na koma gasa masara.

Bara ɗana ya fara fama da wuya, yau lafiya gobe ciwo, ga minshari, har numfashinsa kan ɗauke yana barci. Likita a Unguwar Rimi ya ce tsokar nan biyu ta gefen wuya ce, yawancin yara bar musu ita ake yi, amma shi nasa cirewa ta fi. Na ƙi. Wata da watanni ina riƙe da maganar Kakana, yaro yana ramewa a gabana. Rannan Inna, da ta tsufa yanzu, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ke, ai bai ce kada a taɓa ba. Cewa ya yi ba na askarsa ba ne."

Na yi kuka sosai, na je na sa hannu a yi masa aiki.

Da yaron ya farfaɗo aka ce a ba shi abu mai sanyi. Inna ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini tsohon cokalin Kakana da bayansa ya siɗe. Da shi na ba shi kunun farko bayan ya huce, ya haɗiye.