Ciwon Idon Gidanmu

Mahaifinmu dillalin tumaki ne a kasuwar Daura. Tun daga nesa yake hango rago ya gaya maka ko ƙiba ce ta gaske ko ruwa aka ɗura masa. Shi ya sa da ya fara tuntuɓe da buta a tsakar gida, yana bugun ƙyauren zaure da kafaɗa, dariya muka riƙa yi. Inna ta ce tsufa ne ya zo masa da wuri. Abin da ke gabansa yana ganinsa tar, na gefe ne ya ɓace masa, kuma idon ba ya ciwo, ba ya ja.

A shekarun da aka fara Shari'a ne. Ko'ina lasifika, ana wa'azi a kan tsawon hijabi, da hawan mata babur, da tauye mudu. Ban taɓa jin wanda ya ce mutum ya je a duba masa ido ba.

Sai wasu likitoci suka zo garin aikin ido kyauta. Yayanmu, babban ɗan gidan, direban bas ne tsakanin Daura da Kano. Shi ya kai Baba, ni kuma na bi su da tabarma da ruwan sha. Masu yanar ido aka yi ta yi wa aiki. Na ga wani tsoho daga Sandamu da aka cire masa bandeji ya fashe da kabbara, yana nuna jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ji, ya gyara zaman hularsa.

Da layi ya zo kansa, ma'aikacin ya haska masa tocila, dama da hagu.

"Baba, naka ba yana ba ce. Jijiyar ce ta mutu. Sai haƙuri."

Baba ya ce, "To, yaro, ba aiki ke nan?"

"Babu. Na gaba!"

Yaya yana tsaye a wurin, hannunsa a kafaɗar Baba, tocilar nan dab da fuskarsa. Ba wanda ya tambaye shi ko ɗansa ne. Muka dawo gida muna cewa ƙaddara. Baba ya bar kasuwa, a cikin duhu ya ƙarasa rayuwarsa.

Bayan wasu shekaru Yaya ya buge amalanken shanu da ya fito masa ta hagu, da rana tsaka. Ba a rasa rai ba, amma sa ɗaya ya karye, sai yanka shi aka yi. Ya rantse bai gan shi ba. A tasha aka ce ƙwaya yake sha, mutumin da ko goro ba ya ci. Mai motar ya karɓe mukullinsa a gaban mutane. Maganar ƙwayar nan ta fi komai ci masa rai, har ya daina zuwa masallacin unguwa sai wani mai nisa.

Ni na matsa masa muka tafi asibitin ido a Kano. Likitar mace ce. Ta ɗiga masa magani, ta auna idon da wata na'ura mai shuɗin haske, ta daɗe tana leƙawa.

"Malam, akwai wanda ya makance a danginku?"

"Mahaifinmu. Da mahaifiyarsa."

Ta ce hawan jinin ido ne, yana bin dangi, yana cin gani ta gefe ba tare da mutum ya sani ba. Na hagun ya tafi, na daman saura kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Sai ta juyo gare ni.

"Ke ƙanwarsa ce? Zauna nan."

Na ce ai ni rakiya na zo, ina gani lafiya lau. Ta ce shi ma haka zai ce a bara. Awon bai ɗauki lokacin da ake dama fura ba. Aka same shi a idona na dama, bai yi nisa ba. Tun daga ranar nake ɗiga magani safe da yamma, kuma har yau ni nake zura wa kaina zare a allura.

Yaya yanzu baƙin mai yake sayarwa a bakin tashar da aka kore shi. Ya ce yana ganin duniya kamar mai leƙe ta kafar mukulli. Motarsa ta dā takan wuce ta gabansa, da ƙarar injin yake gane ta.

Kwanaki na je Baure wajen 'ya'yan Gwaggo, ƙanwar Baba, na roƙe su su je a auna su. Babbansu ya yi dariya.

"Haba dai, ni da nake hango jinjirin wata kafin kowa?"

Bai je ba. Da na dawo na ba Yaya labari, sai ya goge hannunsa da tsumma.

"Ki ƙyale shi," ya ce. "Shi dai an gaya masa."