Ranar da aka raba uwargida da murhu

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, saboda haka a gidanmu ni ne farfesa. Da uwargida ta fara ɗora tukunya babu ruwa, har zanenta ya kama wuta sau biyu, 'ya'ya suka ce a raba ta da murhu. Na yanke hukunci: sai likita ya gani. Matar da ta shekara arba'in tana bandar kifin tafkin Kalmalo ba a hana ta wuta da baki kawai.

Muka tashi daga Illela sai Sakkwato. Likitar ƙwaƙwalwar da muka samu yarinya ce, sa'ar autarmu. Ta ajiye wata na'ura kamar allo, wai mai basira ce, ita ke tambaya ta ba da maki.

Na'ura ta tambaya da Hausar rediyo, wane wata ake ciki. Uwargida ta ce azumin tsofaffi. Na'ura Janairu take so. Ta ce a zana agogo, ga matar da ba ta taɓa riƙe biro ba, kiran salla ne agogonta.

Na ce, "Likita, wagga na'ura a wace unguwa ta tashi? Ko ni da ilimina sai na yi gumi."

"Baba, ka yi gaskiya, ba da irin su Inna aka koyar da ita ba. Ta ce ƙwaƙwalwa ta taɓu, amma ba ni sa hannu sai na bincika da kaina."

Na gyara zaman hula.

Likita ta kife na'urar. "Inna, koya mini bandar kifi. Mi ake fara yi?"

Uwargida ta yi murmushi. "A hura wuta." Ta tsaya. "A hura wuta." Ta dubi hannuwanta, ta dube ni. "Malam, sai mi?"

Na san amsar. Likita ta girgiza mini kai, na haɗiye.

Ta daɗe tana gwada ta, sunayen jikoki, hanyar kasuwa. Sannan ta ja ni waje, ta ce ciwon mantuwa ne, kuma ba ya komawa baya. Kada a bar ta da wuta ita kaɗai.

A mota uwargida ta tambaye ni ko ta ci jarrabawa. Na ce ita ta zo ta ɗaya. Washegari na kwashe ashanar gidan duka na zuba aljihu. Ta yi ta laluben saman katanga tana zargin jikoki da sata, ina zaune a tabarma da ashanar a aljihuna.