Abin da Kututture Ya Karɓa

Shekarar da aka ce mu tashi, ni yarinya ce da ba ta kai ga cika azumi ba. Ƙauyenmu yana bakin gulbi a ƙasar Maradun, a wurin da ruwan madatsar Bakolori ya shafe yanzu. An riga an auna wa kowane magidanci fili a kan tudu, an kuma gaya wa mutane cewa da zarar damina ta kankama, ruwa zai shigo har cikin ɗakuna. Kowa ya haƙura, ko yana so ko ba ya so, ban da mutum ɗaya. Kaka, mahaifiyar babana, ta ce ba inda za ta je. Idan ruwa yana da magana da ita, ya zo ya same ta a ɗakinta.

Abin da ya ƙara wa maganar wuya shi ne Baba ɗan farinta ne. A wurinmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Kaka ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "wancan". Idan ya zo gaisuwa da safe ya tsuguna a bakin ƙofa, takan amsa ne tana kallon bango ko tana gyaran audugarta. To ta yaya za ka shawo kan wadda ba ta duban fuskarka? Ni kuwa sunanta aka sa mini, tana kirana takwara, saboda haka duk saƙon da ya yi nauyi a bakina yake bi. Yana tsugune kusa da ita, amma sai ta juyo gare ni ta ce, "Takwara, ki hwaɗa ma wancan na ji."

A lokacin Baba yana da wata damuwar kuma. Filin da aka ba mu daji ne aka sare itatuwansa aka bar kututture a tsaye, na marke da ƙirya da wata tsohuwar tsamiya a daidai inda yake son yin garka a bayan gida. Tun da fadama za ta tafi, garkar nan ce za ta ba mu kuɓewa da yakuwa da ɗan rogo, kuma ba ta shukuwa sai an fitar da kututturen. Kullum da asuba ya saɓa gatari da diga ya tafi, ya dawo da magariba tafin hannunsa duk ya yi kanta ya fashe.

A gidanmu muka koyi cewa babu hanyar fitar da kututture da ba ta da tsada. Masu tuƙa katafila a wurin aikin madatsa sukan taimaka idan an daidaita da su, amma abin da suke nema ya kai rago mai kyau, kuma sukan tafi da ƙasar sama gaba ɗaya su bar maka tsakuwa. Gayya tana son tuwo da fura da goro, ga shi kowa yana fama da nasa kututturen, wa za ka kira? Wuta ba ta neman ko sisi, sai dai tana cin busasshen kashin shanu, wanda shi ne takin da za a zuba wa garkar, kuma ɗanyen kututture yakan yi kwanaki yana hayaƙi bai ci rabi ba. Na ƙirya ne kaɗai suka zo da sauƙi, don wani maƙeri ya ce zai tone su da kansa a bar masa ya yi gawayi. Saura kuwa sai haƙa: ka tone kewaye, ka sare saiwa, ka sake tonewa.

Baffa Sani, ƙanen Baba, mutum ne mai son a gama abu yau. Wata rana na ji shi a zaure yana cewa, "Yaya, tsamiyag ga ka ba katafila, ka huta. Inna ko, ranar da mota taz zo mu ɗauke ta mu aza, in ta yi hushi ta huce can." Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana a lokacin, har yanzu ma sai a hankali. Kafin a kira sallar isha'i Kaka ta ji komai.

Lokacin sanyi ne, kuma a irinsa ɗakin Kaka muke taruwa bayan an ci tuwo. Takan hura wuta da kara da ɗan guntun icce a tsakiyar ɗaki, ta binne mana dankali ko gyaɗa a toka, mu zagaye ta mu bakwai ko takwas har da 'ya'yan maƙwabta. Kaka mace ce mai surutu da tsokana. Takan kwaikwayi muryar kura har ƙananan cikinmu su ɓuya a bayanta, sannan ta yi musu dariyar tsoro. Jikokinta maza kuwa duk mazajenta ne, kowa da laifin da take tuhumarsa da shi na rashin kawo cefane. Tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Takan kasa kunne kamar ta ji motsi a waje, ta ce, "Ga wata nan tana sallama." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta shigo, akwai tabarma!"

A daren nan, kafin ta fara, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Ɗakin Baba yana jikin nata, zana ce kawai ta raba tsakar gidan, kuma ta san yana zaune a wajen yana shafa wa hannunsa man shanu.

Ta ce an yi wani mutum mai garka, tsakiyar garkar akwai kututturen tsamiya da ya tare masa wurin albasa. Ya je wurin giwa ya ce ta tuge masa shi. Giwa ta ce za ta tuge kafin ya ƙifta ido, amma ladanta rabin abin da garka ta haifa, kuma kada ya yi mata maganar fangalin da ƙafarta ta taka. Mutumin ya duba ƙafar giwa, ya duba garkarsa, ya ce zai yi shawara. Ya je wurin wuta. Wuta ta ce ita ba ta son rabi, a dai ciyar da ita da taki har ta ƙoshi, kuma inda ta kwana ba a shuka a shekarar. Ya je wurin gara. Gara ta ce ita kyauta take aiki, amma damina uku za ta yi tana ci, kuma idan ta gaji da tsamiya takan ɗanɗana shinge da ƙotar fartanya. Nan Kaka ta yi muryar gara, 'yar siririya mai ladabin ƙarya, muka yi ta dariya har wani ya zubar da gyaɗarsa a wuta.

Mutumin ya rasa yadda zai yi, ya dawo ya zauna a kan kututturen ya yi tagumi. Can sai ya ce, shi kaɗai yana gunaguni, "Kai ko mi za ka amsa ka tashi?"

Kaka ta yi ƙasa da murya, ta yi ta kauri. "Sai kututture yac ce, 'Yau ka yi hankali. Ka tambayi giwa, ka tambayi wuta, ka tambayi gara, ni da ni ka zaune nan tun ba a haihe ka ba, ba ka tambaye ni ba sai yau.'"

Kututture ya gaya masa yadda zai yi. Ya tone kewaye a hankali, kada ya fara daga gindi. Kullum da yamma ya zuba ruwa ƙasa ta yi laushi. Ya bi ƙananan saiwoyi ɗaya bayan ɗaya ya sare, kada ya haɗa biyu a rana. Babbar saiwar da ta nutsa tsakiya kuwa kada ya kai mata gatari, don ba zai ma gan ta ba, shi kututturen ne zai sake ta da kansa idan lokaci ya yi. Mutumin ya yi murna ya ce, to nawa ne lada? Kututture ya ce kowa ya faɗi nasa kafin aiki, shi nasa sai bayan ya tashi za a sani. Mutumin ya yi yadda aka ce. Wata safiya ya zo ya jingina hannu kawai, kututture ya kwanta. Ya shuka albasarsa, ta yi kyau.

Kaka ta tura toka a kan garwashi ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarma, ku ma ku naɗe taku."

Muka yi caa. Ni ce kan gaba. "Kaka, ba ki hwaɗi ladan ba! Mi yab biya?"

"Wanda yat tone shi shi yas sani, takwara. Ni ban da garka."

Muka roƙe ta har muka gaji, ta ce idan ba mu fita ba za ta kira kura. Da na fito na ga Baba yana nan zaune a bayan zana, ya ajiye kwanon man shanu a gefe, bai ko motsa ba.

Daga ranar bai sake yi mata maganar tashi ba, ya kuma hana Baffa Sani. Gaisuwa kawai, ya tambayi kwananta da ƙafarta, ya tashi. Bayan kwanaki ya aiko ni in tambaye ta ko za ta yarda a kai awakinta sabon gari, don ciyawa ta fi yawa a can. Ta ce a kai. Wani mako ya nemi izinin yankar reshen zogalenta da na lallenta ya dasa a bayan ɗakin da ya gina mata. Ta ce ya yanka. Sannan dutsen niƙanta ya tafi, sannan babbar randa. Ya je ya roƙi 'ya'yan ƙawarta ta tun ƙuruciya su riga mu tashi da tsohuwarsu, ya taya su ɗaukar kaya. Duk wannan Kaka tana gani, sai dai wani lokaci ta tambaye ni ko lallen ya kama.

Haka ya yi da tsamiyar garka ma. Bai kira katafila a kanta ba. Ya sayar da rago ya biya aka tuge masa na marke da ke can gefen gona, inda ba ya jin asarar ƙasa, amma tsamiya da hannunsa ya bi ta, yana ɗebo ruwa a jaki yana jiƙa ramin. Ta ci masa kusan duk bazara.

Abin da ya rage wa Kaka a tsohon gari shi ne maƙabarta. Kakanmu yana can, da 'ya'yanta huɗu da suka rasu suna ƙanana. Wannan babu wanda zai iya ɗaukar mata a jaki, kuma Baba bai taɓa ambatarsa ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, gidaje sun zama kango, mu kaɗai muka rage a unguwarmu da wasu gida biyu. Ina jin tsoro ƙwarai a kwanakin nan, don na san idan ta ƙi, Baba ba zai tafi ya bar ta ba, mu ma ba za mu tafi ba. Wata Juma'a ta ce in gaya wa wancan ya tara malamai su je su yi wa mutanenta addu'a. Aka je aka yi. Ita ta tsaya daga nesa a gindin wata bishiya har suka gama. Washegari da na kai mata kunu na tarar ta ɗaure ƙullin kayanta tana zaune a kansa.

"Ki ce ma wancan shi kawo jaki," in ji ta. "Ba ni hawan mota."

Na daɗe ina ba da wannan labari a matsayin labarin dabarar Baba da hikimar Kaka. Uwa ta rasa bakin yi wa ɗanta magana, ta bi ta kan jikoki ta koya masa yadda zai ɗauke ta ba tare da ya karya ta ba, shi kuma ya gane. Hakan gaskiya ne, kuma ina alfahari da su duka biyun. Ba a ɗaga ta an jefa a mota tana kuka ba, kamar yadda na ga an yi wa wasu tsofaffi. Ta shiga sabon gari a zaune a kan jaki, mayafinta a gyare.

Sai da na girma, na yi aure a Talata Mafara, na fara ba nawa 'ya'yan labari, sannan na lura da abin da ban lissafa ba. Kaka ta yi shekaru a sabon gari da lafiyarta. Tana cin abinci, tana sallah, tana kaɗa audugarta, tana amsa gaisuwa. Amma sanyin farko da muka taru a ɗakinta muka hura wuta muka zuba mata ido, ba ta kasa kunne ba. Na ce, "Kaka, yau ba baƙuwa?" Ta ce, "Ba ni da su, takwara. Can nib baro su." Muka ɗauka gajiya ce, muka dawo washegari, muka sake dawowa, har muka daina zuwa. Ta tsamiyar nan ita ce tatsuniya ta ƙarshe da ta yi, kuma ina ganin ta san haka tun a daren da take yin ta. Abin yana yi mini ciwo har yau.

Baba ya biya kuɗin gonarsa da garkarsa da rago da fatar hannunsa, ya kuma ci kuɓewarsa a daminar. Na tashin Kaka kuwa mu jikoki ne muka biya. Ƙannena uku da aka haifa a sabon gari sun tashi sun san wata tsohuwa mai shiru a bakin ƙofa. Har yanzu idan na ce musu Kaka ta iya muryar kura, ta fi kowa ban dariya a unguwarmu, sai su dube ni su ce wace Kakar nake nufi.