Lalle a kan ƙuna

Shekarun baya, ina sabuwar nas a wani ƙaramin asibiti wajen Aujara, wata mata ta kawo 'yar riƙonta mai kamar shekara shida, wai zazzaɓi take yi. Matar aminiyar mahaifiyata ce, Gwaggo nake ce mata.

Na kamo hannun yarinyar, sai ta fizge. An yi mata ƙunshi ja wur a tafin hannu duka biyun, ba Sallah ba biki, ƙafa kuwa ko ɗigo babu. Na lallaɓa ta na buɗe tafin. Innalillahi! Ƙuna ce a ƙarƙashin lallen, har ta fara ruwa.

Gwaggo ta yi caraf ta ce, "Murhu ta dafa garin wasa. Lallen ai magani ne."

Yaron da ya dafa murhu hannu ɗaya yake ƙonawa ya janye. Wannan hannu biyu ne, tabon kuma kamar bayan cokali. Na tura Gwaggo karɓo magani, na tambayi yarinyar a hankali. Da ƙyar ta ce, "Nama na ɗauka a tukunya." Nan na yi zargin horo aka yi mata da cokali mai zafi.

Ni fa matsoraciya ce ta ƙarshe. Ko mai adaidaita ya wuce da ni, shiru nake yi, in sauka in dawo da ƙafa. Amma ranar raina ya ɓaci matuƙa. Na ba yarinyar gado, na sanar da babbar nas, muka kira jami'ar kula da walwalar yara daga Dutse.

Kafin la'asar mahaifiyata ta bugo waya.

"Yanzu ke asirin aminiyata za ki tona? Ki bari mu yi mata faɗa a gida mana."

"Umma, ki yi haƙuri. In na sallami yarinyar, gidan nan za ta koma. Aikina ne in faɗa, kuma Allah zai tambaye ni."

Wallahi ban janye ba. Jami'ar ta zauna da mai unguwa da dangi, aka yanke a mayar da yarinyar wurin kakarta a Miga. Umma ta jima tana fushi da ni. Gwaggo kuwa har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma abin yana yi min ciwo.

Na koyi cewa ba sai na tabbatar zan kai rahoto ba. Zargi mai ƙarfi ya isa, bincike aikin wasu ne. Duk sanda kunyar wani ta so ta rufe min baki, ranar da aka sallami yarinyar nake tunawa. Ta riƙe min riga da hannunta mai bandeji ta ce, "Anti, wane gidan za ni?"

Na ce, "Gidan kakarki."

Sai a lokacin ta saki rigar.