Wayar da ta Dawo Hannuna

Shekarar da mutanen Gafasa suka fara sa sola a gidajensu, ni nake ja musu waya, kuma babu abin da ya ƙona mini rai kamar neman ta kirki. Ka je har Kano ka ɗauko naɗi guda, ka kankare da wuƙa, sai ka ga farin ƙarfe ne aka shafa wa jan launi. Har na fara zagin masu shaguna a gaban idonsu.

Wata ranar kasuwar Ajingi, da azahar, na ga wani dattijo a gefen 'yan gyaɗa da waya tuli a kan buhu. Na kankare, jan ƙarfe ne zalla, ga araha. Na tambaye shi inda yake samowa, ya ce, "Masu ita sun gama da ita, ɗana." Na kwashe duka.

Washegari ina warware ta a gidan da zan yi wa aiki, sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni. Can tsakiyar naɗin na tarar da wani haɗi, an murɗa shi ta hagu, an naɗe da shuɗin salatif. Ni bahago ne, duk yankin nan ni kaɗai nake murɗawa haka. Shuɗin salatif kuwa gida ɗaya na taɓa sa wa, a ƙauyen Balan, gidan da ya rufta wa mutanensa da damina.

Da kasuwa ta zagayo na koma neman dattijon. 'Yan gyaɗa suka ce su ba su taɓa ganin mai waya a wurin ba. Har yau wayar tana ɗakina. Na kasa jona ta a gidan kowa, na kuma kasa yar da ita.